480 ta fi 133 da gaske? Amsa ga mai son kwashe ajiyar tsofaffin faifan mahaifinsa

Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ɗana, na ga tambayarka tun daren Laraba, ban so in amsa a tsaitsaye ba ne, don maganar ba ta layi biyu ba ce. Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Ga waɗanda abin ya wuce su: yaron nan ya gaji situdiyon mahaifinsa a Aboabo, cikin Kumasi. Ya buɗe ɗakin baya ya tarar da tsofaffin kwamfutoci uku, faifan ajiya bakwai masu faffaɗar wayar IDE, wani faifai guda mai nauyi da aka rubuta SCSI a jikinsa, da kwali cike da ƙananan kaset ɗin kyamarar bidiyo, MiniDV. Bukukuwan aure, suna, Maulidi da Sallah na mutanen Zango duk suna ciki. Yana so ya kwashe su zuwa sabon faifai. Wani mai shago ya ce masa ya sayi adaftar USB 2.0 kawai, wai ita 480 take gudu, IDE kuwa 133, SCSI ɗin ma 40. Shi ne yake tambaya wace hanya ce ta fi sauri a gaskiya.

Mai shagon bai ƙirƙiri lambobin ba, amma ya haɗa maka tsohon kuɗi da sabo a lissafi ɗaya. Ka san tun da aka canza sidi, kuɗinmu na Ghana, a 2007, dubu goma na da ya koma sidi ɗaya, har yau akwai iyayenmu mata a kasuwar Kejetia da za su ce maka kaya "miliyan ɗaya" ne, alhali sidi ɗari suke nufi. To haka bit da bait suke. 480 ɗin USB 2.0 megabit ne a daƙiƙa, 133 ɗin IDE kuwa megabait ne, kuma bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Raba 480 gida takwas, ka samu 60. Ashe 60 ce za a ajiye kusa da 133, ba 480 ba. Yawanci wayoyi sirara, irin su USB da FireWire da SATA, da bit ake tallarsu, sai lambar ta fito da girma. Masu faɗi kamar ɗamara, IDE da SCSI, da bait ake faɗinsu.

Ko 60 ɗin ma a takarda take. USB 2.0, wadda ta fito a shekarar 2000, ba ta aikawa da karɓa a lokaci guda, kuma babu na'urar da ke buɗe baki sai kwamfuta ta kira ta, kamar almajirai gaban malam ranar biya. Wannan kira da amsawa yana cin nasa kason. Ni dai a duk shekarun da na yi ina kwafe faifai ta wannan hanya, abin da nake gani yana yawo ne tsakanin megabait 30 da 35 a daƙiƙa, da adafta mai arha kuwa ƙasa da haka.

Sai dai kada ka yi murna da 133 ɗin IDE tukuna. Wannan iyakar abin da wayar za ta iya ɗauka ne, ba abin da faifan zai iya bayarwa ba. Faifai mai gigabait 40 ko 80 na farkon shekarun 2000, mai juyi 7,200 a minti, idan yana cikin ƙoshin lafiya zai ba ka hamsin da wani abu a farkon aiki, ya riƙa sauka har zuwa wajen talatin a ƙarshe. Dalilin saukar kuwa, daga bakin gefe yake fara rubutu, inda da'irar ta fi tsawo, don haka juyi ɗaya yana wucewa da bayanai da yawa a ƙarƙashin allurar da ke karatu da rubutu a kansa. Yana matsawa ciki, da'irar na ƙanƙancewa. Shi ya sa gardamar da aka sha yi a kan ATA/100 da ATA/133, wato IDE mai 100 da mai 133, ban taɓa ganin amfaninta ba. Maxtor ne ya fito da 133 a 2001, Intel ma bai damu ya sa ta a kayansa ba, ya tsaya a 100, kuma babu wanda ya yi asarar komai, tunda faifan lokacin ba sa cika ko ɗari ɗin.

Inda IDE ke cin mutum a waya ne. Ɗauko wayoyin da ke cikin kwamfutocin Alhaji ka shafa su da farce. Wata za ka ji layukanta manya-manya, har kana iya ƙirgawa: wannan mai zare 40 ce, kuma da ita komai ƙarfin faifai ba zai wuce 33 ba. Wata kuwa layukanta ƙanana ne a matse kamar haƙoran mataji: mai zare 80 ke nan. Ramukan kanta ba su ƙaru ba, ƙarin zare arba'in ɗin shinge ne kawai tsakanin kowane zare da maƙwabcinsa, don kada maganar wannan ta faɗa cikin ta wancan. Da ita ake samun 66, 100 da 133. Za ka gane ta da launin kawunanta: shuɗi ya shiga madabod, wato babban allon kwamfuta, baƙi na ƙarshe ya shiga faifan da yake maigida, ruwan toka na tsakiya na yaronsa ne. Tsawonta a ƙa'ida bai wuce inci 18 ba. Duk wadda ka ga ta fi haka, ko an naɗe ta an daddanne har ta yi ƙarya, jefar da ita.

Waya ɗaya tana ɗaukar na'ura biyu, amma rabon girki suke yi kamar kishiyoyi: idan ɗaya na magana, ɗayar sai ta jira. Don haka kada ka jona faifan da kake kwashewa da wanda kake zubawa a waya guda. Sannan ka duba ɗan ƙaramin robar nan da ke bayan faifai kusa da wajen wuta, wanda muke kira jamfa (ba ta sawa ba), shi ke nuna wane ne maigida wane ne yaro. Zanen yadda ake sa shi yana jikin takardar faifan. Idan biyu suka ce su ne maigida, kwamfuta ba za ta ga ko ɗaya ba, ka ɗauka sun mutu alhali rigimar sarauta ce kawai.

Akwai wani tarko kuma da Windows XP ke ɗanawa. IDE tana da hanyoyin aiki biyu. A DMA faifai na zuba bayanai kai tsaye cikin ma'ajiyar wucin gadi, firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, na can tana sha'aninta. A PIO kuwa firosesar ce da kanta ke ɗebowa cokali-cokali, iyakarta 16.7, mafi tsufan matakinta ma 3.3. Idan XP ta yi ta cin karo da kuskure a kan waya, sai ta riƙa rage gudu mataki-mataki, har ta kai PIO ta zauna, ba tare da ta gaya maka ba. Wata rana wani malamin Islamiyya ya kawo mini kwamfutarsa yana cewa ta tsufa, ko linzami ya motsa sai ya yi ta tsalle, karatun Alƙur'anin da yake saurare yana yankewa. Na buɗe Device Manager, na shiga Primary IDE Channel, na ga an rubuta PIO ƙarara. Na cire murfi, sai ga wayar murfin ya datse ta a gefe ɗaya, zare biyu sun fito fili. Na canza waya, na goge tashar daga jerin na sake kunnawa, ta dawo Ultra DMA Mode 5, wato ɗari. Malam ya ce wace addu'a na tofa. Ka duba wurin nan a naka kafin ka fara komai. Mode 2 na nufin 33, Mode 4 kuma 66.

Yanzu FireWire, wadda wani a zauren nan ya ce ta mutu, a bar maganarta. Ta mutu a kasuwa, amma a ɗakin Alhaji ita ce sarauniya. Lambarta 400, ƙasa da 480 ɗin USB, amma a aikace ita ke gaba, ko da kaɗan ne, musamman da manyan fayiloli. Ita na'urorinta suna magana da juna da kansu, ba sai an kira suna ba, kuma ba ta wahalar da firosesa. Faifan waje mai FireWire 400 yakan doshi 40, inda USB 2.0 ke haki a talatin da 'yan kai. FireWire 800 ta ninka lambar, sai dai ba ta yaɗu a wajenmu ba in ban da masu Apple.

Amma ga kaset ɗinka, maganar gudu ma ba ta taso ba. MiniDV na fitar da kusan megabait 3.6 ne a daƙiƙa, ba ƙari ba ragi, domin kaset ɗin yana tafiya ne da gudun da aka ɗauke shi. Kaset na awa ɗaya awa ɗaya zai ci, ya bar maka fayil na kusan gigabait 13. Kaset ɗari, awa ɗari ke nan da terabait ɗaya da ɗigo uku, ko da wayar zinariya ka sa. Abin da FireWire ke yi shi ne ta keɓe wa bidiyon nasa gurbi a kan waya don kada ya katse, kuma ta kawo shi yadda yake a kaset ba tare da rage kyau ba. Ramin USB ɗin da ke jikin yawancin kyamarorin nan na kwashe hotunan kati ne, ko bidiyo mai dishi-dishi. Nemi ɗan ramin da aka rubuta DV, in ta Sony ce i.LINK. Ni na sa wa mahaifinka katin FireWire a baƙar kwamfutar nan, in ba a cire ba yana nan a baya. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta, WinDV, ta ishe ka. Ka kashe kyamara da kwamfuta kafin ka jona, domin kan waya mai haƙori shida yana ɗauke da wuta, in aka cusa shi a juye yana ƙona ramin kyamara, kuma samun wata kyamarar yau ya fi samun faifai wuya. Ka ɗaga kowane kaset a haske. Wanda ka ga fari-fari a jikin zaren, danshin Kumasi ne ya haifa masa fumfuna, ajiye shi gefe, zai toshe kan kyamarar. Tsarin ajiyar fayil na sabon faifan kuma kada ya kasance FAT32, ba ta ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4. Mayar da shi NTFS.

SCSI, wadda muke kira sikazi, gida ce mai 'ya'ya da yawa. Ta fara da 5 a 1986, ta koma 10, 20, 40, 80, 160, har 320, duka megabait. Idan 40 aka gaya maka, Ultra Wide ke nan. A zamaninta ta fi IDE daraja nesa ba kusa ba, kuma ba don lamba kaɗai ba. Ka tuna layin famfo lokacin ƙarancin ruwa. IDE ita ce matar da za ta kafa bokiti ta tsaya a kai, ko ruwa bai zo ba babu mai matsowa. Faifan SCSI kuwa, idan an ba shi umarni, sai ya saki wayar ya tafi neman abin, wani ya yi amfani da ita, in ya samo ya dawo. Shi ya sa waya ɗaya ke ɗaukar na'ura bakwai, mai faɗi ma goma sha biyar, kuma bankuna da gidajen buga littattafai suka riƙe ta. Faifanta ma sun fi juyi, Seagate Cheetah ya kai 10,000 a minti, daga baya 15,000 a shekarar 2000. In ka kunna shi za ka ji yana kuka kamar jirgi zai tashi, kuma yana zafi, sai ka sa masa fanka.

To amma kai faifai ɗaya tal gare ka, don haka duk wannan falala ba ta shafe ka ba. Irinsu galibi gigabait 9 ne, ko 18, ko 36. Ko a hankali ya tafi, ba zai cinye maka yini ba. Wahalar tana wajen jonawa. Ba za ka samu adaftar USB ɗinsa a shagunan Adum yadda kake samun ta IDE ba, sai katin PCI da ake cusawa a madabod, irin Adaptec 2940 ko 29160. Sai ka ƙirga haƙoran bakin faifan, 50 ne, 68 ne ko 80, don mai 80 wuta da bayanai a baki ɗaya suke, yana buƙatar nasa ɗan allo. Sai a ba shi lamba wadda ba 7 ba, don 7 ta katin ce. Sai a toshe ƙarshen wayar da wani ɗan marufi da ake kira tamineta, in ba haka ba saƙo ya je ƙarshe ya dawo kamar amsa-kuwwa ya rikita komai. Kuma ko ka sa katin 160, in a ramin PCI na gama-gari ya zauna, shi ramin kansa 133 ne iyakarsa, yana kuma raba ta da sauran katuna. Wani abu da nake zargi: Alhaji ya taɓa aiki da tsohuwar Macintosh wajen tsara katunan gayyata, kuma Apple da SCSI ya yi ta aiki tun 1986. In daga ita faifan ya fito, Windows ba za ta iya karanta shi ba, za ta ce maka a share shi a gyara. Kada hannunka ya kai ga amincewa. Linux, wata babbar manhaja mai aiki irin na Windows, na karanta shi.

SATA ba ni da dogon bayani a kanta. 150 a 2003, sai 300, sai 600 a 2009. Ita da goma ake raba lambarta, ba takwas ba, shi ya sa gigabit 1.5 ya zama 150. Ita ce inda za ka zuba, kuma ko mafi ƙanƙantarta ta fi ƙarfin duk faifan da ke ɗakin nan.

Bari mu auna da faifai ɗaya mai gigabait 80 a cike da manyan fayiloli. A jone kai tsaye da waya mai zare 80, kusan rabin awa. Ta FireWire 400, minti talatin da biyar zuwa arba'in. Ta USB 2.0, wajen minti arba'in da biyar, kuma waya mai zare 40 ma kusan haka za ta ba ka. Ta wayar sadarwa mai megabit 100 tsakanin kwamfuta biyu, awa biyu. A PIO, awa ɗaya da minti ashirin in ka yi sa'a matuƙa, yawanci ya fi haka da nisa. Ta USB 1.1 kuwa, mai megabit 12, wadda ke jikin kwamfutocin zamanin Pentium III, kusan awa 22. Ka lura da wannan ta ƙarshe, ramin kamanninsa ɗaya da na 2.0, ido ba ya bambancewa.

Ka ga tsakanin IDE da USB 2.0 rubu'in awa ne a kowane faifai. Faifai bakwai, bai kai awa biyu ba gaba ɗaya. Kuma idan ƙananan hotuna ne dubbai, tazarar ma raguwa take yi, don a lokacin allura ce ke ta kai da komo, kowane tsalle yana cin fiye da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, waya kuwa tana zaune tana hamma.

Da a ce gudu ne kaɗai, da na ce ka sayi adaftar ka huta. Abin da ya sa ba zan ce haka ba shi ne faifan nan sun haura shekara ashirin, sun daɗe a kwance. Wani in ya tashi yau, tashinsa na ƙarshe ke nan. Adaftar USB idan ta ci karo da gurbin da ya lalace takan sandare, ko ta yanke faifan gaba ɗaya ta sake jonawa, kowace yankewa kuwa wahala ce ga allurar da ta gaji. Da yawansu kuma ba sa barin ka karanta rahoton lafiyar faifai, wanda ake kira SMART. Ga kuma ɗan akwatin wutar da ke zuwa da su. Na taɓa sayen wata mai arha a hannun wani mai tebur, na jona faifan wata baiwar Allah mai hotunan aikin Hajjin mahaifiyarta. Ban ko zauna ba na ji ƙauri. Na juya faifan, ga wani ɗan baƙin ƙwaro a kan allonsa ya fashe, hayaƙi siriri na fita. Da na sa mita a kan jar wayar da ya kamata ta ba da bolt 5, abin da na gani ya wuce haka sosai. Sati uku na yi ina neman allo irinsa kafin Allah ya rufa mini asiri. Tun ranar ba na jona faifan kowa sai na auna: ja 5, rawaya 12, baƙaƙe biyu a tsakiya. Sauri ya haifi nawa, in ji mutanen da.

Da ni ne, ga yadda zan yi. In nemi destof na zamanin Core 2 Duo, mai madabod irin G31 ko G41, waɗanda ke da ramin IDE ɗaya da na SATA a allo guda, kuma yawancinsu da ramin PCI na katin SCSI da na FireWire. Da tsohuwar zuma ake magani. Sabon faifai a SATA, tsoho shi kaɗai a wayar IDE mai zare 80, wuta daga cikin kwamfutar. In tayar da Linux daga filashi, in yi amfani da manhajar ceto bayanai mai suna ddrescue. Ita ba fayil-fayil take bi ba, hoton faifan gaba ɗaya take ɗauka. Tana fara kwashe wuraren da ke da lafiya, ta tsallake masu ciwo sai daga baya ta dawo musu, kuma tana rubuta inda ta tsaya, in an ɗauke wuta ka ci gaba daga nan. Duk da haka ka aro UPS, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta. In kuwa dole sai adafta, to ƙara kuɗi ka sayi mai USB 3.0, mai shuɗin baki, a nan faifan ne zai zama iyaka ba wayar ba, kuma ka sa a auna maka wutarta a gabanka.

Ka kasa kunne lokacin kunna kowanne. Lafiyayye zai yi shuuu ya daidaita, ya ɗan yi ƙaras-ƙaras ya yi shiru. Wanda ka ji yana ƙwas, ƙwas, ƙwas a jere, kashe shi nan take, kada ka sake gwadawa, kada kuma ka saurari masu cewa a sa shi a firji. Fara da faifan da ka fi zaton bikin iyayenka na ciki, kuma duk abin da ya fito ka ajiye shi wuri biyu.

Na SCSI ɗin kuwa kada ka taɓa shi tukuna. Ɗauki hoton takardar jikinsa da na bakinsa ka turo mini, in ga ko 50 ne ko 68 ko 80. Ina da kati ɗaya a cikin akwati a shago, sai dai in nemo taminetar. Ranar Asabar bayan la'asar ina nan, ka naɗo shi a tawul, kada ka sa shi a bayan pragya, keken nan mai ƙafa uku, yana ta buguwa. Ka gaida Hajiya.